DAGA GIDAN DABO ZUWA AZARE: HALIFA MUHAMMADU SANUSI DA MUƘAMIN SALLAMAWA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai bayarwa, Mai karɓewa, wanda mulkinSa ba ya gushewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa, da sahabbansa, da waliyyan al'ummarsa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa ahbabu da kuka taru a nan Tirkaniya domin zikirinmu na shekara-shekara, al'ada ce a irin wannan ɗan littafi a kawo tarihin ɗaya daga cikin magabatan Ɗariƙa. Galibi akan kawo karamomi da buɗi da ɗaukaka. A bana mun ga ya dace mu kawo tarihin rashi, wato yadda aka karɓe mulki mafi girma a ƙasar Hausa ta wancan zamani daga hannun wani almajirin Shehu Ibrahim Inyass (R.A), da yadda ya zauna shekara 28 bayan haka. Lamarin kuwa ba shi da nisa da mu, domin a nan garin Kaduna aka yanke shi, ƙetaren kogin nan da muke tsallakawa kullum.

Malaman tasawwufi sun jera wa muridi matakai uku game da abin da ya kuɓuce masa. Na farko haƙuri, shi ne mutum ya kame harshensa da gaɓoɓinsa alhali zuciyarsa tana tafasa. Na biyu yarda, shi ne tafasar ta lafa, ya daina jayayya da hukuncin Ubangijinsa. Na uku sallamawa, shi ne ya saki abin gaba ɗaya, ya bar lissafin yadda zai dawo masa. Ibnu Aɗa'illahi na Iskandariyya, wanda ya rasu a 1309, ya keɓe littafi guda, Attanwir, a kan wannan mataki na ƙarshe, wato bawa ya sauke wa kansa nauyin tsara wa Allah yadda al'amura za su gudana. Hawaye ba sa ɓata ko ɗaya daga cikin matakan nan, domin Manzon Allah (S.A.W) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Kuma sanannen abu ne a wurin sufaye cewa son shugabanci shi ne cutar da ke ƙarshen fita daga zuciyar masu neman Allah. Mutum yakan iya rabuwa da kuɗi da abinci da barci, amma a ce ya rabu da gaisuwa da faɗuwa da "ranka ya daɗe", wannan sai wanda Allah ya taimaka.

Ɗariƙarmu tun tushenta da rashi aka gina ta. Shehu Ahmadu Tijjani (R.A), wanda aka haifa a Ainu Madi a 1150 Hijira, yana da shekara 16 annoba ta ɗauke mahaifinsa da mahaifiyarsa. Bayan buɗin da ya samu a Abi Samguna, matsin mahukuntan Turkawa ya sa ya bar ƙasar haihuwarsa ya yi hijira zuwa Fas a 1213, kuma a can ya cika a 1230. Zawiyar da duniya ke ziyarta yau zawiyar baƙo ce wanda ya baro gida. Haka kuma zuriyar Shehu Umarul Futi (R.A). Daular da ya kafa ta wargaje a hannun Faransawa: Segu ta faɗi a 1890, ɗansa Ahmadu ya yiwo gabas da jama'arsa har ya rasu a ƙasar Sakkwato. Daga cikin masu wannan hijira akwai Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Shehu Umaru, wanda ya tsira daga yaƙin Burmi na 1903, ya ƙarasa Madina ba ƙasa ba runduna. A can ya zama madogarar alhazan Afirka ta Yamma har rasuwarsa a 1349, kuma salsalar malaman ƙasar Hausa da dama ta kansa ta bi. A nan ƙasar Zazzau ma muna da Sarki Aliyu Ɗan Sidi, Batijjane, marubucin waƙoƙi, wanda ya hau gado a 1903, Turawa suka cire shi suka kai shi Lakwaja, ya rasu a can a 1924.

To, amma wanda muka fi kusa da zamaninsa, har a cikin dattawan da ke wannan taro akwai waɗanda suka gan shi da idonsu, shi ne Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, ɗan Sarki Abdullahi Bayero.

Mahaifinsa ne ya buɗe wa Faila ƙofa a Nijeriya. A aikin Hajjin 1937 Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass, ya ga abin da ya gani a tare da shi, ya gayyace shi Kano. Shehu ya zo a 1945, sannan ya riƙa dawowa, har manyan malaman Salgawa irin su Shehu Tijjani Usman Zangon Barebari, da Shehu Abubakar Atiku Sanka, da Shehu Sani Kafinga suka sallama masa, suka riƙa tafiya Kaulaha neman tarbiyya. A cikin wannan yanayi Sanusi ya ƙasaita. Yana Ciroman Kano, kuma shekaru da dama kafin rasuwar mahaifinsa shi ne ƙarfin majalisa, sha'anin hakimai yana hannunsa. Da Sarki Abdullahi ya rasu a watan Disamba na 1953, aka naɗa shi.

Yaran yanzu da suka tashi suka tarar da sarakuna iyayen ƙasa ne kawai, masu hawan Sallah da sasanta jama'a, da wuya su gane girman abin da ake kira Sarkin Kano a wancan lokaci. En'e ta Kano ita ce mafi arziki a dukkan Jihar Arewa, zamanin dalar gyaɗa ke nan. Baitulmali yana ƙarƙashin Sarki. 'Yan doka nasa ne, gidan yari nasa ne, alƙalai shi ke naɗa su, kotunsa kuma tana iya yanke hukuncin kisa. Haraji da jangali daga hannun masu unguwanni zuwa dagatai zuwa hakimai, duk a ƙofarsa suke tsayawa. A kan wannan kuma Sanusi ya haɗa abin da ba kowane sarki ya haɗa ba. Malami ne, yakan hau mumbari da kansa ya yi huɗuba ya ja sallar Juma'a. Jigo ne a jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa. Ya zauna a majalisar zartarwa ta Jihar Arewa a nan Kaduna, har ya taɓa riƙon kujerar Gwamna. Shi ya karɓi Sarauniyar Ingila a Kano a 1956. Ga kuma kusancinsa da Shehu Ibrahim, wanda ya sanya shi halifansa a Nijeriya. Sarauta da siyasa da malanta da Ɗariƙa duk sun taru a rawani ɗaya.

Adalci ya sa mu faɗi cewa mulkinsa mai zafi ne. Mutum ne mai kwarjini da tsanani, wanda ba a saba musa masa ba, kuma 'yan jam'iyyar NEPU, mabiya Malam Aminu Kano, sun sha wuya a hannun En'e a waɗannan shekaru, da yawansu kuwa 'yan'uwanmu ne a Ɗariƙa. Ba mu ga amfanin ɓoye wannan ba. Wanda ya ce Halifa tun farkonsa zahidi ne wanda duniya ba ta dame shi ba, ya rage masa daraja bai sani ba, domin ya shafe nisan tafiyar da ya yi. Wanda bai taɓa riƙe abu da ƙarfi ba, sakinsa ba abin labari ba ne.

A 1962 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ta naɗa wani Bature ma'aikacinta, David Muffett, ya binciki harkar kuɗin En'e ta Kano, wadda ta shiga matsalar biyan bukatunta. Binciken ya ɗora wa hukumar Sarki laifin rashin kyakkyawan riƙon dukiya. Masana tarihi sun daɗe suna tattauna abin da ke ƙarƙashin wannan. Akwai batun kuɗin kansa. Akwai tambayar da ta taso tun da aka sami mulkin kai, cewa wane ne sama, zaɓaɓɓiyar gwamnati ta Kaduna ko sarakunan da suka riga ta? Akwai kuma tsohuwar gasa tsakanin Kano da Sakkwato, wadda bambancin ɗariƙa ya ƙara wa gishiri. A ganinmu na biyun ya fi nauyi. Mutum biyu ne masu ƙarfin hali, tsofaffin abokan tafiya, ƙasa ɗaya ta yi musu kaɗan. A watan Maris na 1963 aka kira Sarki Kaduna, ya sa hannu a takardar murabus a gaban Gwamna Sir Kashim Ibrahim. Shekara tara da 'yan watanni ke nan da hawansa.

A nan ne ya kamata mai karatu ya dakata. Mutumin da ke da birni kamar Kano a bayansa, da dubban muridai masu ganin girmansa ta fuskar addini, da hakimai da bayin Sarki da attajirai, yana da abin da zai iya tayar da ƙasa da shi in ya so. Kano kuwa ba baƙuwar wannan ba ce. Shekara 70 kafin nan, a 1893, rikicin gadon sarauta tsakanin Tukur da 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi ya jefa ƙasar cikin Yaƙin Basasa, aka kashe bayin Allah, garuruwa suka watse, kuma tsofaffin da suka ji labarin daga bakin iyayensu suna nan da rai a 1963. Zukata sun yi zafi ƙwarai, har wasu magoya bayansa suka kafa jam'iyyar KPP domin nuna fushinsu. Amma shi ya tafi Azare, ƙasar Katagum, tafiyar kimanin kilomita 200 daga fadarsa, ya zauna baƙon Sarkin Katagum Umaru Faruƙu. Aka naɗa Muhammadu Inuwa, bai cika shekara ba ya rasu. A watan Oktoba na wannan shekara aka naɗa ƙanen Sanusi, Ado Bayero, wanda ya zauna a gadon har 2014. Ba a yi basasa ta biyu ba. Idan muka tuna Sayyidina Hasan (R.A), jikan Manzon Allah, wanda ya sauka daga halifanci a shekara ta 41 bayan Hijira domin kada jinin Musulmi ya zuba, za mu ga cewa wannan hanya tana da limami tun farkon Musulunci.

Littattafan sufaye cike suke da labarin waɗanda suka bar mulki ko muƙami. Ibrahim ɗan Adhama ya bar sarautar Balkhu. Imamul Gazali ya bar kujerar koyarwa ta Nizamiyya a Bagadaza a 488 Hijira, lokacin da sunansa ya cika duniya. Sai dai waɗannan da ƙafarsu suka fita, a ranar da suka zaɓa, kuma mutane suka bi su da yabo. Shi kuwa Halifa fitar da shi aka yi, da rahoton bincike a bayansa, jaridu suna bugawa, maƙiya suna murna. Wanda ya bar abu da kansa, nafsu tana iya samun ɗan rabonta a ciki, ta ce masa: "Dubi irin zuhudunka." Wanda aka ƙwace wa ba shi da wannan lallashi. Abin da ya rage masa shi ne ya zaɓi yadda zai kwana da abin a zuciyarsa, dare bayan dare, kuma ba mai ganin wannan jihadi sai Allah. Don haka muke ganin jarrabawar Azare ta fi ta Balkhu ɗaci, ko da yake Allah shi ne masanin matsayin bayinSa.

Fiye da shekara 15 ya yi a Azare. Tambura da algaitu da dogarai sun zauna a Kano tare da wanda ke kan gado. Abin da ya bi shi can shi ne abin da gwamnati ba ta ba shi ba, don haka ba ta da ikon karɓewa, wato ilminsa da wuridinsa da amanar da Shehu Ibrahim ya ɗora masa. Lazimin safe da na yamma, da wazifa, da zikirin Juma'a, adadinsu ɗaya ne ga sarki da talaka, istigfari ɗari ba ya zama ɗari biyu don mutum yana da rawani, ba ya raguwa don an cire shi. Malamai da muƙaddamai da sauran ikhwani suka riƙa ɗaukar hanya zuwa Azare domin ziyara, ba mai neman hakimci a cikinsu, ba mai tsoron ɗauri. A fada ba ya iya rarrabe wanda ya zo don Allah da wanda ya zo don tsoro ko kwaɗayi. A Azare hanya da kanta ta tace masa su. Sannu a hankali sunan da ya bi shi a bakin jama'a ya zama Halifa, kuma da shi aka fi saninsa har yau. Yana can labarin wafatin Shehu Ibrahim ya iske shi, wanda ya cika a Landan ranar 26 ga Yuli, 1975, aka kai shi Madina Baye. Wannan rashi na biyu, ga muridi na gaskiya, ya fi na farko girma nesa ba kusa ba.

Mu duba kuma abin da ya sami abin da aka yi rigimar a kansa. Ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kashe Sardauna a gidansa a nan Kaduna, Allah ya jiƙansa ya saka masa da alherin da ya yi wa Arewa. Ba mu kawo wannan don mu ce sakayya ce ba, wanda ya faɗi haka ya yi wa Allah shisshigi, kuma ya jahilci tarbiyyar da muke magana a kanta. A watan Mayu na 1967 aka rushe Jihar Arewa kanta aka raba ta jihohi shida. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya aka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun dukkan sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa abin da ya rage na En'e. Ashe irin sarautar da aka raba shi da ita a 1963 saura mata 'yan shekaru ƙalilan a duniya. Da ya zubar da jinin talakawan Kano domin riƙe ta, da ya zubar ne a kan abin da zai narke a tafin hannunsa. Sarki goma zamani goma, in ji Hausawa. Jikansa ma, Muhammadu Sanusi na biyu, ya hau gadon a 2014, aka sauke shi a watan Maris na 2020, aka ba shi halifancin Tijjaniyya a 2021, gwamnatin Kano ta mayar da shi a 2024.

Mu mutanen kudancin kogin Kaduna ba sai an fassara mana rashi ba. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957, wadda ita da 'yan'uwanta suka tara jama'ar Kakuri da Makera da Nasarawa da Tirkaniya daga kowane lungu na ƙasar nan, ta rufe a 2002. UNTL ta tsaya a 2007. Magidanta da suka saba jin jiniyar canjin aiki suka wayi gari ba abin kai wa gida. Rikicin watan Fabrairu da na Mayu na 2000, da na Nuwamban 2002, da abin da ya biyo baya a 2011 da 2012, sun ci rayuka da gidaje da shaguna na Musulmi da na Kirista, suka raba garin nan gida biyu, maƙwabtan shekara talatin suka rabu ba sallama. Akwai zawiyoyin da sahunsu ya ragu domin masu cika shi sun ƙaura Rigasa ko Tudun Wada, akwai kuma waɗanda suka tafi inda ba a dawowa. A cikin masu karanta wannan akwai wanda har yau in ya bi ta wani layi yakan kau da kai don kada ya ga filin da gidansa yake a da.

Sai dai kada a fahimci sallamawa a karkace. Ma'aikacin masaƙa da ya bi haƙƙinsa na sallama daga aiki shekara da shekaru bai saɓa wa yarda da ƙaddara ba, haka wanda ya kai ƙara a kan gidansa da aka ƙone. Shari'a ta ba shi wannan, kuma barin haƙƙin marayu da sunan tawakkali kasala ce aka yi wa rawani. Abin da ake nema a saki yana cikin ƙirji: ƙullin da ke sa mutum ya tsayar da rayuwarsa a ranar da abin ya faru, ya riƙa auna kowace shekara da wadda ta wuce, ya gadar wa 'ya'yansa gabar da ba su san asalinta ba. Mun ga dattawan da masaƙa ta rufe suka koma faci ko sayar da itace ko koyar da yara allo, fuskarsu a sake, ba sa fashin wazifa. Mun kuma ga waɗanda suka fi su samu daga baya amma har gobe zancensu ɗaya ne. Shehunnanmu sun sanya istigfari a farkon wuridi kafin salati da hailala, kuma malamai sun ce hikimar ita ce wanke ƙwarya kafin a zuba nono. Zuciyar da ke cike da abin da ya tafi ba ta da wurin da za a zuba mata wani abu.

A zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1979 zuwa 1983, aka ɗage wa Halifa takunkumi ya dawo ƙasar Kano. Abin lura, Rimi ɗan jam'iyyar PRP ne, magajiyar NEPU ɗin nan da ta sha wuya a zamanin mulkinsa. Bai koma Gidan Dabo ba. Ya sauka a Wudil, bakin kogi, kimanin kilomita 40 daga birni, a kan hanyar da ta tafi Azare, ƙanensa yana kan gadon da ya bari. Nan ya ci gaba da karɓar masu ziyara har Allah ya karɓi ransa a 1991.

Allah ya jiƙan Halifa Muhammadu Sanusi, ya gafarta masa, ya gafarta wa waɗanda suka yi jayayya da shi da waɗanda ya yi jayayya da su. Allah ya jiƙan 'yan'uwanmu na wannan zawiya da suka zauna tare da mu a taron bara ba su kai na bana ba, ya rufa wa iyalansu asiri, ya zaunar da garinmu Kaduna lafiya, kudu da arewa, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W). Amin.